Injin Yankan Ciyawa: Amsa ga Yayana a Zariya

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana.

Ka tambaye ni abu biyu. Me ya sa kusan duk Bahaushen da ya mallaki gida a nan Columbus, a jihar Ohio ta Amurka, sai a gan shi ranar Asabar yana tura inji a ƙofar gida, har da likitoci da malaman jami'a? Sannan wane iri za ka saya, tunda ka shuka ciyawa a harabar sabon gidanka? Bari in fara da ta farko.

Gidajen nan ba su da katanga ta gaba. Filinka a haɗe yake da na maƙwabcinka, idan ka bar naka ya yi duhu, layin gaba ɗaya ka ɓata. Hukumar birnin Columbus tana ɗaukar ciyawar da ta wuce inci 12 a matsayin saɓa doka: za a kawo maka takardar gargaɗi, in ka yi biris a turo masu yanka, a biyo ka da lissafin kuɗin. Unguwanni da yawa kuma suna da ƙungiyar masu gidaje, ita ma da tata tarar. Amma abin da ya fi fitar da mu shi ne haƙƙin maƙwabtaka. Mu baƙi ne, kuma Musulmi. Maƙwabcina bai san inda Zariya take ba, bai san gidan da na fito ba, abin da yake gani kullum shi ne ƙofar gidana, da shi yake auna ni, da shi yake auna duk wanda ya gani da hula da doguwar riga. Ga shi ɗaukar ma'aikaci a ƙasar nan akwai tsada, babu kuma yaran gida da za ka ce su ɗauko lauje. Kowa da hannunsa yake yi, ba wanda ke ganin faɗuwar girma a ciki.

Na san abin da ke ranka, domin ni ma yana sosa mini rai har yau: ciyawa ɗanya shar, wadda a gida sai an sa kuɗi a saya wa rago, a nan yankewa ake yi a bar ta. Cikin gari yawanci ba a yarda da kiwon tumaki ba, kuma mutane da dama suna fesa mata maganin kashe haki, ba ta dace da bakin dabba ba. Shi ya sa mukan bar inji ya niƙe ta ta koma ƙasa ta zama taki.

Idan ɗan'uwa ya bar gidan haya ya sayi nasa, a wurin walimar ma ake fara ba shi shawara, kuma tambayar farko ita ce girman filin. A nan da eka ake awo. Rubu'in eka ya ɗan ɗara fuloti biyu na ƙafa 50 da 100, amma sai ka cire inda gini ya zauna da hanyar mota, abin da ya rage shi ne aikin inji.

Mai ɗan ƙaramin fili shimfiɗaɗɗe yana iya amfani da na hannu zalla, wanda ba fetur ba wuta, turawarka ce ke juya wuƙaƙen. Shi ne jikan na asali, wanda Edwin Budding ya ƙera a 1830 kusa da garin Stroud a Ingila, bayan ya ga injin da ke aske gashin yadi a masaƙa. Yana yanka da kyau, ba ya ƙara, sai dai in ciyawa ta yi tsawo kwantar da ita kawai yake yi. A watan Mayu kuwa, lokacin da ciyawar Ohio ta fi saurin tashi, mai aikin dare ba zai iya binta da shi ba. Kaɗan ne a cikinmu ke da shi.

Yawancinmu na turawa muke da shi, mai wuƙa ɗaya a ƙasa, faɗinsa inci 20 zuwa 22. A nan ne gardama take, tsakanin na fetur da na batir. Na fetur igiya ake ja ya tashi kamar ƙaramin janareto, yana da ƙarfi, ba ruwansa da ciyawa mai kauri ko mai laima. Amma yana son kulawa: canjin baƙin mai, fulogi, matatar iska. Babbar matsalarsa hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris inji yana kwance a gareji, fetur ɗin nan kuma yawanci an gauraya shi da kashi 10 na ethanol, wani sinadari mai jawo danshi. Duk shekara, Afrilu na kamawa sai ka ji ɗan'uwa yana cigiyar bakanike, ya ja igiya har kafaɗa ta yi tsami inji ya ƙi tashi, an buɗe kabureta an tarar da tsohon mai ya daskare a ciki kamar ƙaro. Maganin shi ne a bar inji ya ƙone mansa ƙarƙaf kafin a ajiye.

Ni dai na batir nake ba mutane shawara, muddin fili bai wuce rubu'in eka ba. Maɓalli za ka danna ya tashi, ba hayaƙi, ba ƙara sosai, kana iya yanka da yamma bayan la'asar ko da azumi a bakinka ba tare da warin mai ya dame ka ba. Irinsu EGO da Ryobi da Greenworks sun cika shaguna. Kasuwar ma can ta nufa: Honda ta daina ƙera na fetur a Amurka a 2023, jihar Kaliforniya kuma ta yi doka a 2021 ta taƙaita sayar da sababbin ƙananan injinan fetur irin waɗannan. Aibinsa batir ne, yana tsufa, sabonsa kuma da tsada, kuma ba a barinsa a gareji cikin sanyi, ɗaki ake shigar da shi.

Wanda filinsa ke da gangare, ko shekaru suka fara ja, sai ya nemi mai tafiya da kansa, kai dai riƙewa kake yi kana binsa. Na hawa kuwa, mai kujera da sitiyari, na wanda filinsa ya haura rabin eka ne. A nan nake saɓawa da wasu 'yan'uwanmu. Mutum filinsa bai kai fuloti biyu ba ya je ya ci bashi ya ɗauko John Deere na dala 2,000 ko fiye, don a gani a hoto a gida. Kuɗin nan da ya biya wa ƙannensa makaranta, injin kuma ko juyawa ba ya iya yi tsakanin bishiya da shinge. Abin yana ba ni takaici. Masu dabara sukan jira kaka, lokacin da ake karya farashi, ko su sayi wanda wani ya riga ya yi amfani da shi a Facebook bayan sun sa an tayar da shi a gabansu.

Akwai ladubban da muke koya wa sabon zuwa. Kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a lokaci guda, a bar ta wajen inci 3, in an aske ta ƙwal rana za ta ƙone ta. A wasa wuƙa ko sau ɗaya a shekara. A tsince duwatsu da kayan wasan yara kafin a fara, domin wuƙar na iya harba tsakuwa ta fasa gilashi ko ido. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce sai yaro ya kai 12 zai tura inji, sai 16 zai hau na hawa, kuma ba a ɗora yaro a cinya ana yanka. Ba a kuma tayar da inji da sassafen Lahadi mutane na barci.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne zumuncin da ke ciki. Wanda ya tafi Hajji ko ya zo gida ganin iyaye, ba ya dawowa ya tarar da takardar gargaɗi, 'yan'uwa sun raba makonnin a tsakaninsu. Matar da mijinta ya rasu, samarinmu ne ke yanke mata, ba ta roƙa ba.

To, naka gidan. Kada ka ce in aiko maka na batir daga nan. Cajarsa ta wutar Amurka ce mai ƙarfin 120, taku kuwa 230 ce, sai da taransifoma, ga rashin tsayuwar wuta, in batir ya mutu kuma samun irinsa aiki ne. Ka nemi na fetur na turawa a Kaduna ko Kano, wanda mai gyaran janareto na unguwa zai iya buɗewa, ka tabbatar ana samun wuƙarsa da matatar iska a kasuwa, domin ƙurar hunturu za ta riƙa toshe ta. In kuwa ciyawar ba ta wuce 'yar kewayen ƙofar falo ba, ka bar wa mai lauje ya yanka ya kai wa dabbobinsa, kowa ya amfana. Ka auna mini tsawo da faɗin wurin, ka gaya mini ko akwai tudu da duwatsu, sai mu tsayar da magana.

A gaida Hajiya da yara.