Amsa ga Yaya kan tarbiyyar yaranmu a makarantun Shikago

Yaya, ka tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa a Kano, wai a Amurka malami ba ya taɓa yaro, kuma makaranta ce da kanta take koya wa yara mayar wa manya magana. Batun bulala gaskiya ne a nan jihar Illinois, inda birnin Shikago yake, domin an hana ta a makarantun gwamnati tun 1994, ko da yake wasu jihohin kudu har yanzu dokarsu ta yarda da ita. Ɗaya batun kuwa yana buƙatar bayani.

Abin da ake koya musu shi ne yaro ya gane abin da yake ji a ransa, ya iya danne fushinsa, ya fahimci halin da ɗan'uwansa yake ciki, sannan ya yi tunani kafin ya aikata. A 2004 Illinois ta zama jiha ta farko da ta tsara ma'aunin wannan darasi tun daga rabin aji har ƙarshen sakandare, kuma ƙungiyar CASEL da take jagorantar aikin a Shikago take da mazauni. Idan yara biyu suka yi faɗa, zaunar da su ake yi, kowa ya faɗi abin da ya ɓata masa rai da yadda zai gyara ɓarnar da ya yi. Wani nazari da Joseph Durlak da abokan aikinsa suka fitar a 2011, wanda ya haɗa shirye-shirye 213 da ɗalibai sama da 270,000, ya nuna cewa halayyar yaran ta gyaru, sakamakon karatunsu ma ya ɗara na takwarorinsu.

Sai dai darasin aji kaɗai ba ya raya matashi. Masana a nan sun yarda cewa yana buƙatar babba da yake kula da shi da kuma wani aiki da aka damƙa masa, kuma nan ne muke da gibi, domin a gida ɗa na kowa ne, a nan kuwa maƙwabcinka ba zai tsawata wa ɗanka ba. Saboda haka muka mayar da Islamiyyar ƙarshen mako madadin unguwa. Wanda ya kai shekara goma sha biyar shi yake biya wa ƙanana karatu, 'yan mata da samari su ne suke rabon abincin buɗa-baki da azumi, kuma mukan yabe su a gaban jama'a idan sun kyauta.

Inda muke samun saɓani da malamai shi ne kunya. Yaronmu yakan sunkuyar da kai idan babba yana masa magana, malamar kuma ta ɗauka yana ɓoye wani abu ne ko yana cikin damuwa, sai mun je ranar ganawa da iyaye mun yi mata bayani. A gidajenmu na nan ba mu sassauta gaisuwa ba, ba a kuma kiran babba da sunansa gatsau, amma yawancinmu mun koyi barin yaro ya faɗi uzurinsa bayan an gama yi masa faɗa. Akwai iyayen da wannan bai gamsar ba, sukan tura 'ya'yansu Kano ko Kaduna su yi sakandare wajen dangi. Ni dai nawa suna nan, domin ina ganin rabuwa da iyaye a shekarun balaga ta fi abin da ake gudu nauyi.