Dam ɗin gonata zai jure damina?

Malam, ka ce ka tare ruwa da bangon ƙasa a gonarka ta hanyar Kachia don shaƙatawa, kana tsoron ya ɓalle. Fara duba mafitar rarar ruwa. In ta toshe ko ta yi ƙanƙanta, ruwan Agusta zai haura bangon ya zaizaye shi cikin dare ɗaya. Ko dam ɗin Bagauda, na gwamnati, ya ɓalle a 1988.

Zagaya bayan bangon. In ruwan da ke tsattsafowa ta bangon garau ne, da sauƙi, amma in ya fito da laka, ƙasar ciki yake kwashewa: rage ruwan, ka kira injiniya ranar. Cire ƙananan bishiyoyi da gidan gara daga jikin bangon, ka shuka ciyawa. Waɗanda ke zaune gangare kuwa, su sami lambar wayarka.