Tambaya da Amsa: Yadda mai sayen sabon baka zai san tsawon jansa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, na daɗe ina sha'awar wasan harbin kibiya irin na zamani, har na tara kuɗi zan sa a kawo mini baka daga waje. Mai sayarwar ya tambaye ni tsawon jana, ko inci 27, ko 28, ko 29, ni kuwa ban san abin da zan ce masa ba. Kakana maharbi ne, amma ban taɓa jin ya auna komai ba. Wani abokina ya ce in ɗauki mafi tsawo domin ya fi ƙarfi. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga mai karatu, Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka kyauta da ka tambaya kafin kuɗi su bar hannunka, kuma ina roƙonka ka ajiye shawarar abokinka gefe guda. Tsawon ja, wato nisan da ake jan tsirkiya baya kafin a saki kibiya, na jikin maharbi ne, faɗin ƙirjinsa da tsawon hannuwansa ne suka yanke masa shi, don haka ba zaɓa ake yi ba, aunawa ake yi. Shi ma kakanka, Allah Ya jiƙansa idan ya riga mu gidan gaskiya, ya auna, sai dai da hannu da ido: ya yanki kyauron kibiyarsa daidai da jansa, bakansa na itace kuma yana binsa duk inda ya ja tsirkiya ya tsaya. Bakan da za a ɗauko maka daga masana'anta bai taɓa ganinka ba, lamba kawai ya sani.

Awon farko ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin shi ne gaba, wadda ake faɗin zurfin rijiya da ita. Ka cire babbar riga, ka jingina bayanka da bango, ka buɗe hannuwanka daidai da kafaɗu, tafukan suna kallon gaba, ba tare da ka yi miƙa ko ka ɗaga kafaɗa ba. Wani ya sa alli ya yi alama a ƙarshen dogon yatsanka na dama da na hagu, sannan a auna tsakaninsu da tef ɗin tela, ta fuskar inci. Abin da aka samu sai a raba shi da 2.5. Wanda gabarsa ta kai inci 70, jansa inci 28 ne. Mai inci 67 da rabi kuwa, 27. Idan da santimita aka auna, a fara raba shi da 2.54 domin ya koma inci. A maimaita awon sau uku, domin mutum kan ƙara miƙewa idan ya san ana auna shi.

Wannan lissafi yana kai mutum kusa ne kawai, yakan kuskure da rabin inci ko ma inci guda. Awon da na fi amincewa da shi sai da baka a hannu. Ka ari mai sauƙin ja, ka ɗana doguwar kibiya, ka juya ta inda babu kowa, ka ja har hannunka ya zauna a fuskarka a wurin da zai riƙa zama kullum, ko dai yatsa a gefen baki ko hannu a ƙarƙashin haɓa tsirkiya tana taɓa hanci. Wanda ke gefenka ya yi alama a jikin kibiyar daidai da lungun mariƙin da ke danne tsakanin babban yatsanka da manuni. A auna daga tsagar gindin kibiya zuwa alamar, a ƙara inci 1.75, domin da wannan ƙa'ida masu ƙera baka suke rubuta lambarsu. Mutane da yawa suna manta wannan ƙarin, sai su aika da lambar da ta gaza. Kuma kada ka taɓa sakin tsirkiya babu kibiya a kanta, yana iya fasa bakan a hannunka.

Ba ka faɗi irin bakan da kake nema ba, alhali a nan ne maganar take da nauyi. Baka mai lanƙwasassun kunnuwa, irin wanda ake harbin mita 70 da shi a gasar Olamfik, jansa ba shi da wurin tsayawa, sai dai nauyin jan da aka rubuta a jikinsa a kan jan inci 28 aka auna shi, kuma kowane inci da ka ƙara ko ka rage yana canja nauyin da kamar laba 2. Mai jan inci 27 zuwa 29 yakan dace da baka mai tsawon inci 68. Shi kuwa baka mai ƙananan tayoyi a kunnuwansa, wanda ake kira kamfawun, yana da iyakar da yake cijewa, ba ya wuce ta ko da ka so. Idan shi za ka saya, ka nemi wanda ake iya sauya jansa da ɗan makulli, misali daga inci 25 zuwa 30, domin jan sabon maharbi yakan ɗan ƙaru bayan 'yan watanni idan tsayuwarsa ta gyaru.

Abokinka yana da ɗan gaskiya, dogon ja yana ƙara wa kibiya gudu. Amma na ga abin da yake jawowa. Wani saurayi ya taɓa nuna mini cikin damtsensa na hagu, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ya kumbura ya yi baƙi kamar an zane shi da dorina, saboda bakansa ya fi shi da inci biyu. Domin ya kai ƙarshen ja sai ya sandare gwiwar hannu, ya karkata baya, ya miƙa wuya yana neman tsirkiya, ita kuma tana dukansa a kowane harbi. Kibiyoyinsa suna da gudu, amma babu biyu da suka faɗa wuri ɗaya, kuma ya kusa barin wasan yana zaton shi ne bai iya ba. Jan da ya gaza shi ma yana takure kafaɗa ya hana saiti zama, sai dai illarsa ba ta kai wannan ba. Saboda haka idan awonka ya faɗa tsakanin lambobi biyu, ka ɗauki ƙaramar.

Kibiya kuwa akasin haka ce. Ka sayi wadda ta ɗara janka da inci ɗaya zuwa biyu, domin gajeriyar kibiya tana iya zamewa daga mazauninta idan an ja, ta soki hannun da ke riƙe da baka. Idan za ka rubuta wa mai sayarwar, ka haɗa masa awon gabarka da na kibiyar da aka yi wa alama, ka gaya masa da wane hannu kake jan tsirkiya, sannan ka nemi ya rubuto maka iyakar abin da ake iya sauyawa a jan bakan kafin ka biya.