Yaya, a nan adireshin gida ne kuɗin makaranta

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Inna da iyalinka duka.

Saƙon muryar da ka turo ranar Juma'a sai da na saurare shi sau uku kafin na iya zama rubuta amsa. Ka ce da bakina na gaya maka makarantar gwamnati kyauta ce a Amurka, to da wane dalili muka tattara kayanmu muka bar unguwar da 'yan uwa suke, muka tare cikin masu hannu da shuni da sunan karatun yara, har abin da nake aiko wa Inna ya ragu? Ka kuma ce mutane suna faɗa cewa mun yi kuɗi mun guji dangi. Maganar ta taɓa ni, ba zan ɓoye maka ba. Amma kai malamin makaranta ne, na san idan na shimfiɗa maka yadda abin yake za ka gane shi fiye da kowa.

Kyautar gaskiya ce. Daga ajin share fage, da yaro ke shiga yana shekara biyar, har aji goma sha biyu, ba a karɓar kuɗin makaranta, littattafai ma aro ake ba su. Sai dai ba kai ne ke zaɓar makarantar ba, gidanka ne ke zaɓa maka. Jihar Ohayo da muke zaune an yanyanka ta zuwa gundumomin makarantu sama da 600, kowace da hukumarta da asusunta da iyakarta a taswira. Ranar da na je yi wa yara rajista, kafin a tambayi sunansu sai da aka nemi takardar hayar gida da takardar kuɗin wuta mai ɗauke da sunanmu. Kai da ka shiga Kimiyya ta Dawakin Tofa da jarrabawa, babu wanda ya tambaye ka ko daga Nasarawa kake ko daga Kurna. A nan tambayar farko ke nan, sau da yawa ita ce ta ƙarshe.

Tushen abin haraji ne. Gwamnatin tarayya a Washington abin da take sawa a makarantu bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Sauran tsakanin jiha ne da mutanen unguwa, kuma kason unguwa daga harajin gidaje yake fitowa. Hukuma za ta yi wa gidanka kima, ta yanka maka abin da za ka biya duk shekara, fiye da rabinsa ya tafi asusun makarantun gundumarka. Inda gidaje ke da tsada, asusun a cike yake. Idan kuma hukumar makarantu tana son ƙari, don sabon gini ko albashin malamai, sai ta sa batun a takardar zaɓe, mazauna su kaɗa ƙuri'a ko sun yarda a ƙara musu haraji. Na ga wannan da idona a kakar bara: gidaje jere da ƙananan alluna a kafe cikin ciyawar ƙofar gida, suna kiran a ce eh. Mutum da hannunsa yana roƙon a ƙara masa haraji! Da farko na yi mamaki, daga baya na gane cewa darajar makarantar ita ce darajar gidansa ranar da zai sayar. Ɗan haya ma bai tsira ba, mai gida yana zuba harajin cikin kuɗin haya. Ka ga ashe kuɗin makaranta muke biya, suna kawai aka sauya masa.

Su kansu 'yan ƙasar sun daɗe suna shari'a a kai. A 1973 wasu iyaye talakawa daga San Antonio a Teksas suka kai maganar har Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai biyar cikin tara suka ce tsarin bai saɓa wa kundin mulkin tarayya ba. A nan Ohayo kuwa, kotun ƙolin jiha ta yanke a 1997 cewa dogaro da harajin gidaje haka ya saɓa wa kundin jihar, ta sake nanatawa har zuwa 2002. An yi ta gyare-gyare, jiha tana ƙara wa gundumomin talakawa kuɗi, amma iyakokin suna nan inda suke. Akwai kuma batun launin fata a ƙarƙashinsa, wanda ba a son faɗa da ƙarfi. A 1977 wani alƙalin tarayya ya samu cewa an ware yaran baƙaƙe da na farare a makarantun Kolambus, babban birnin jihar nan da muke zaune a yankinsa, aka fara jigilar yara a motoci don cakuɗa su a 1979. Iyalai da yawa masu hali suka fice zuwa garuruwan gefe, inda hukuncin bai kai ba. Unguwannin da ake yabo yau, irin su Dublin da Hilliard da Olentangy, bunƙasarsu ba ta rasa nasaba da wannan ƙaura.

Na san abin da za ka ce, domin ni ma na ce shi: a ba da adireshin wani ɗan uwa mana, ai ɗan ƙanwarka ɗanka ne. A gida haka ne, yaro ya tafi gidan kawunsa ya yi karatu, lada ma ake samu. A nan laifi ne. A 2011, a garin Akron na jiharmu, wata uwa baƙar fata ta rubuta adireshin mahaifinta don 'ya'yanta mata biyu su shiga makarantar unguwarsa. An bi sawunta, an kai ta kotu, ta kwana tara a gidan yari. Ita haifaffiyar ƙasar ce, Yaya. Ina ga mu da muka zo da jaka, wasunmu takardunsu ba su gama fitowa ba? Shi ya sa a taron mata, idan wata ta kawo wannan shawara, manyanmu kan tsawatar nan take.

To ga yadda mutanenmu suke yi. Kusan kowa yana fara sauka ne a arewacin birni, wajajen titin Morse da Cleveland Avenue, inda shagunan Somaliyawa da na 'yan Gana suke. A can za ka sami naman halal, da kuka da daddawa da gero, da mai yi maka kitso, da wanda zai kai ka neman aiki. Hausawan zangon Kumasi da Akara, da na Maraɗi da Damagaram, da mu na Kano, duk a can muka san juna. Shekara shida muka yi a wurin, kuma ba zan zagi makarantar da yarana suka fara ba. Malamar da ta koya wa babbar yarinyar karatu, da kuɗin aljihunta take sayen fensir da takarda. Matsalar ita ce ajin ba ya zama wuri ɗaya. Haya ta tashi, iyali sun tashi, yaro ya tafi a tsakiyar zango, wani ya zo jiya daga sansanin 'yan gudun hijira bai san ko harafi ɗaya na Turanci ba. Dole malama ta koma baya ta ɗauko shi, kuma daidai ta yi. Amma yarinyata takan gama aikinta ta zauna tana zane a bayan littafi. Ranar da na buɗe littafin lissafinta na ga shafukan baya cike da hotunan tsuntsaye, a daren muka zauna da babansu muka fara lissafin tashi.

Ba gidan bene muka saya ba, kamar yadda aka kai maka labari. Hayar ɗaki biyu da falo muke yi a gefen unguwar, inda gidajen haya suke. Yaron ɗan haya da ɗan likita mai gareji uku mota ɗaya suke shiga, wannan mai ruwan ɗorawa, benci ɗaya suke zama. Akwai ma wata dabara da tsofaffin zuwa suka koya mana. Saboda wata yarjejeniya da aka yi a 1986 tsakanin birni da garuruwan gefe, akwai layukan da a cikin birnin Kolambus suke amma makarantunsu na gefe ne, kuma hayarsu ta fi sauƙi. Sai dai kada ka yarda da bakin dillali. Ka shiga shafin intanet na ofishin kimanta gidaje na ƙaramar hukuma, ka sa lambar gidan, ya nuna maka gundumarsa, sannan ka buga wa hukumar makarantar waya ka tabbatar. Wata ƙawata ta sa hannu a takardar shekara guda, ashe iyakar ta bi ta tsakiyar titinsu ne, tana kallon motar makarantar da take so tana tsayawa a tsallake kowace safiya. Masu sayen gida kuma tasu damuwar kuɗin ruwa ce. Wasu suna zuwa kamfanonin da ke yin musharaka, inda ku da kamfani kuke tarayya a gidan, kuna sayen kasonsa sannu a hankali. Wasu malaman sun gamsu, wasu ba su gamsu ba, mu dai ba mu kai nan ba tukuna.

Abin da ya ƙaru a hayarmu ya kusa dala ɗari biyar a wata. Babansu ya ƙara tuƙin dare ranakun Juma'a da Asabar, ni na karɓi ƙarin kwana ɗaya a gidan kula da tsofaffi, na kuma fita daga adashi ɗaya. Nan ne abin Inna ya taɓu, kuma shi ne ya fi ci mini rai.

Tun da kai ma'abocin alli ne, bari in gaya maka wani abu da na lura. Jiha tana ba makarantu taurari, daga ɗaya zuwa biyar, kuma mutane da su suke farautar gida. Amma yawancin taurarin cin jarrabawa hoton iyaye ne. Yaron da uwarsa injiniya ce, ubansa likita, ana yi masa darasin gida, ko a ƙarƙashin bishiya ka sa shi zai ci. Layin da ya fi amfani a takardar shi ne wanda ke auna ci gaban da yaro ya yi cikin shekara, daga inda malami ya same shi zuwa inda ya kai shi. A wannan layin akwai makarantun talakawa da suke doke na masu kuɗi. Abin da na ga mun saya da kuɗinmu ba gini ba ne kawai, maƙwabta ne. A bakin titi, ina jiran motar yara cikin sanyi, wata 'yar Indiya ta gaya mini cewa daga aji bakwai ɗalibi zai iya ɗaukar darussan jami'a kyauta, a lissafa masa su idan ya shiga jami'ar. Tsarin na jiha ne gaba ɗaya, har tsohuwar unguwarmu yana nan, amma shekara shida ban taɓa jin wani ya ambace shi ba, don duk muna wajen aiki. A nan zancen bakin titi ne. Ita ce kuma ta nuna mini yadda ake neman a gwada yaro don a sa shi ajin lissafi na gaba. Babbar yanzu tana can, littafinta ba tsuntsu ko ɗaya.

Ban ce maka daɗi ne zalla ba. Unguwar shiru take kamar an yi shara. Maƙwabci zai ɗaga maka hannu da murmushi shekara biyu, bai taɓa taka ƙofarka ba, kai ma ba ka da hanyar taka tasa. Shanya a baranda ma sai da aka rubuto mana takarda. Lokacin da na yi zazzaɓi a tsohuwar unguwa, kafin la'asar kwanon tuwo uku sun shigo. A nan sai da wata ta tuƙo rabin awa cikin dusar ƙanƙara. Babbar ita kaɗai ce mai hijabi baƙar fata a ajinsu, akwai ranar da ta dawo ta shige ɗaki ta rufe, sai da dare ta ce wata yarinya ta tambaye ta ko a Afirka a kan bishiya muke kwana. Kuma yaran suna ganin abin da ba mu da shi: abokansu ana zuwa hutu Florida, ana saya musu mota da sun kai sha shida. Sai ka yi ta magana da ɗanka a kan wadatar zuci.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne harshe. A can ƙofa da ƙofa Hausa ake yi, a nan daga ni sai babansu. Auta yana jin komai amma da Turanci yake amsawa, kwanaki Inna ta ce masa "ina gajiya" ya tsaya yana kallona. Shi ya sa Asabar da Lahadi ba namu ba ne. Da safe Islamiyya, akwai babban masallacin Noor a wannan ɓangaren garin, da rana kuma mu koma tsohuwar unguwa. Suna, ta'aziyya, walimar sauka, ba na bari ɗaya ya wuce mu ko na kwana a wajen aiki. Wanda ya ce mun guji dangi, ya zo ya duba ma'aunin tafiyar motarmu.

Kuma ba kowa ne ya bi hanyarmu ba, ban ga laifinsu ba. Wasu sun zauna inda suke suna biyan makarantar Musulunci mai zaman kanta, jiha tana taimaka musu da wani kaso. Wasu sun mayar da yara gida shekara biyu ko uku, su yi hadda su kama harshe, sannan su dawo. Wasu kuma ba su da zaɓi ko ɗaya, kuma 'ya'yansu ba su fi nawa ƙarancin basira ba. Idan na je suna na ga yaran da muka baro, waɗanda na goya wasunsu, sai in ji nauyi a ƙirjina, domin bambancinsu da nawa dala ɗari biyar ce da layi a taswira. Zaɓen da ya wuce, da na sami damar kaɗa ƙuri'a, na tsaya na karanta abin da kowane ɗan takarar majalisar jiha ya ce a kan kuɗin makarantu kafin na dangwala.

Game da Inna, ka gaya mata daga watan Rajab, in sha Allahu, abin zai koma yadda yake, domin bashin motar zai ƙare. Ina kuma da roƙo. Duk daren Lahadi, idan ka idar da sallar isha'i, a nan rana ce tsaka, yara suna tare da ni. Ka kira Auta ka yi masa tatsuniya ɗaya, irin waɗanda kake yi mana a zaure, kuma ko ya amsa da Turanci kada ka saki Hausar. A gaida Inna da kyau, a ce mata hoton da ta ce a ɗauka na babbar da kayan makaranta yana tafe.

Ƙanwarka.