Injin 5L ko 1KZ a tsohuwar Hiace mai wurin kwana?

Malam, ka ce injin 3L na Hiace ɗinka, wadda ka sa wa gado da tankin ruwa, ya gaji, kana tambaya ko ka sa 5L ko 1KZ mai tobo. Sa 5L. Gidansu ɗaya da 3L, lita 3.0 ne maimakon 2.8, zai zauna a mazaunin tsohon, ya kama giyabos ɗinka ba tare da yanke-yanke da walda ba. Amma ka nemi wanda famfon mansa ba na lantarki ba ne, ban da 5L-E.

Dalilina zafi ne da mai. 1KZ ya fi ƙarfi, ba musu, sai dai kan injin, wato murfin silinda, ba ya jure zafi: ruwa ya tafasa, sai ka ji kan ya tsage. To ka duba Afrilu a hanyar Marwa zuwa Kusiri a arewacin Kamaru, zafi ya haura digiri 40, ga kaya, ga ramukan Waza da Dabanga da ke tilasta ka tafiya a giya ta biyu. Shi kuwa 5L, ko gas ɗin jarka ka zuba masa zai ja, kuma bakaniken bakin titi a Mora zai iya kwance shi. A hawan dutsen Gaundare zai yi nishi, wannan kam ka haƙura. Sharaɗina ɗaya: in na Beljiyam za ka saya, a tayar da shi a gabanka da sanyinsa, ka canza bel ɗin taimin, ka wanke lagireto kafin ka hau hanya.