Kuɗin kamfani ba kuɗinka ba ne

Ɗan'uwa, ka ce a wasan nan na zuba jari a kamfanonin haƙar ma'adinai a duniyar wata, kamfaninka ne ke fin kowa haƙa, amma in an zo ƙirge kai ne a ƙarshe. Ni ma na sha wannan ɗacin ba sau ɗaya ba, kuma na daɗe kafin in gano bakin zaren.

A kan teburin nan kai mai hannun jari ne. Ranar ƙirge ba a leƙa asusun kamfani, abin da ke hannunka da darajar takardun jarinka kaɗai ake lissafawa. Tsarin gado ne daga wasannin jirgin ƙasa da Francis Tresham ya faro da wasa mai suna 1829 a shekarar 1974, sannan wani mai suna 1830 ya fito a 1986. Layin dogo kawai aka ɗauke aka sa injinan haƙa.

Akwai daren da ba na mantawa. Na kama ramin ƙanƙara na kudancin wata, wuri mafi tsoka a allon, kuma waɗanda suka tsara wasan ba ƙirƙira suka yi ba, don a 2009 kumbon LCROSS na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya tabbatar da ruwa a ramin Cabeus da ke kudancin wata. Son wurin ya rufe mini ido. Zagaye uku a jere na hana rabon riba ina tara wa kamfani kuɗin babban inji, farashin takardunsa na ta zamewa baya. Abokina da ke gefena kuwa bai ce uffan ba, yana tsintar takarda ɗaya nan, ɗaya can, a kamfanonin da ke rabon riba. Da injin ya iso, saura zagaye biyu a tashi. Kamfani ya ƙoshi, ni na tashi da yunwa.

Wanda ya fi ciwo shi ne jefa maka kamfani. Ka riƙe takardu biyu a kamfanin wani, ya kwashe asusun, ya sayar da nasa, shugabanci ya faɗo kanka. Sabon inji na fitowa tsofaffi su mutu, kuma kai za ka sayi wani daga aljihunka. An yi mini, hannuna na rawa ina sayar da takardun da na fi so.

Don haka kafin ka ƙara takarda ta biyu a kamfanin da ba naka ba, duba wa zai riga ka motsi a zagayen kasuwa mai zuwa, ka ƙirga injinan da suka rage kafin sabon samfuri. Kada ka hana riba sai ka lissafa cewa injin zai mayar da kuɗinsa kafin wasa ya ƙare. A wasanka na gaba, ajiye kuɗin kamfani nesa da naka a kan tebur, kowane zagaye ka ƙirga naka kaɗai.