Ɗana yana gadin filin wani babban mutum, shin doka za ta taɓa shi?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam Lauya. Ni uwa ce a Aboabo nan Kumasi, koko da ƙosai nake sayarwa. Ɗana shekararsa 23. Ya bar koyon kanikanci a Suame Magazine, yanzu kullum yana bes, wato majalisar samarin unguwa, da abokansa. Akwai wani babban mutum da ke turo mota a kwashe su zuwa bayan gari su tsare masa fili, lokacin siyasa kuma su bi shi wurin taro. Yakan dawo da kuɗi. Ya rantse mini bai taɓa dukan kowa ba, bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma wai mai gidan nasu ya san manya, ba abin da zai faru. Na ji an ce gwamnati ta hana irin wannan aiki. In ta hana, me ya sa har yanzu suke yawonsu? Kuma shi da bai cuci kowa ba, doka za ta taɓa shi?

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a. E, doka za ta taɓa shi, kuma ba sai ya ɗaga wa kowa hannu ba.

Aikin da kika siffanta shi ne wanda ake kira langad, wato a ɗauki samari su tsare fili ko gini da ƙarfin tuwo da razanarwa. Bin ɗan siyasa a matsayin ƙarti kuma shi ne 'yan maco. Doka ɗaya ce ta haɗa su, Doka ta 999 ta shekarar 2019, wadda ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga na jam'iyyu da aikin langad. Wanda ya kafa ƙungiyar, da wanda ya shiga, da wanda ya ba da kuɗi, da wanda ya ɗauki langad aiki, duk masu laifi ne. Hukuncin shi ne ɗaurin shekara 10 zuwa 15, in kuma da makami a hannu abin ya fi haka. Ki lura da kalmar makami. Yaran nan in an ce makami bindiga kaɗai ke zuwa musu a rai, alhali a idon doka adda makami ce, wuƙa makami ce, har gora in an ɗauko ta don a ji wa mutum ciwo. Dokar filaye ta 2020 ma ta sake nanata haramcin langad ɗin da nata hukuncin.

Ga kuma inda rantsuwarsa ba za ta yi masa amfani ba. A dokar manyan laifuka ta 1960 akwai laifin haɗin baki da na taimaka wa mai laifi. Idan mutum goma suka tafi fili da niyya ɗaya, ɗaya daga cikinsu ya sari birkila ko ya ƙwace wayar mai awon fili, sauran taran ba za su ce su 'yan kallo ba ne. Ƙwace da ƙarfi sunansa fashi, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 10, in da makami shekara 15. In rai ya salwanta kuwa, maganar ɗaurin rai da rai ake yi, tunda majalisa ta soke hukuncin kisa a kan irin waɗannan laifuka a 2023. Ɗanki yana iya rantsuwa a kan hannunsa, amma ba zai iya rantsuwa a kan hannun wanda ke zaune kusa da shi a bayan mota ba. Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

To me ya sa suke yawonsu? Wannan ɓangaren tambayar taki ya fi wancan wuyar amsawa, kuma ba zan kare gwamnati a kansa ba, ko wacce ce.

Mu mutanen Kumasi ba labari aka ba mu ba. A watan Maris na 2017 'yan Delta Force, ƙungiyar 'yan bangar jam'iyyar NPP mai mulki a lokacin, suka shiga ofis suka fitar da George Agyei da ƙarfi, mutumin da shugaban ƙasa ya naɗa mai kula da tsaro na jihar Ashanti. Aka kama 13. Ranar da aka kai su kotu a watan Afrilu, abokansu suka kutsa cikin kotun, alƙali na zaune, suka fitar da su. Daga baya sun miƙa kansu, kuma ƙarshen shari'ar tarar sidi 1,800 aka ci kowannensu. Waɗanda aka zarga da kutsawa kotun kuwa aka sallame su, wai babu isasshiyar hujja. Duk wani yaro da ke bes a wannan shekarar ya ɗauki darasi ɗaya: in mai gidanka yana sama, kotu ma wurin wasa ce. Sai da aka yi zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Akra ranar 31 ga Janairun 2019, wasu masu rufe fuska suka yi harbi aka ji wa mutane ciwo, duniya ta gani a bidiyo, sannan aka kafa kwamitin bincike na Mai Shari'a Emile Short, aka kuma yi dokar da na ambata. A ƙarshen takardar dokar an jera sunayen ƙungiyoyi sama da 20 da aka rusa, na manyan jam'iyyun biyu: Delta Force da Invisible Forces na NPP, Hawks da Azorka Boys na NDC.

An rusa sunaye, amma ba a rusa masu biyan kuɗi ba. A ganina nan ne gurgun manufar yake. Dokar ta yi tanadin hukunta mai ɗaukar nauyi, har ta ce wanda aka samu da laifi ba zai riƙe muƙamin gwamnati ko na jam'iyya ba sai bayan shekara 10. Sai dai tabbatar da laifin mai kuɗi aiki ne na bincike: wa ya ba da mota, wa ya tura kuɗi ta momo (asusun kuɗi na waya), wa ya kira wa a waya daren ranar. Kama yaro a fili da adda a hannu kuwa ba ya bukatar komai sai mota da ankwa. Don haka ragar tana kama ƙananan kifaye. A Yulin 2025 ma, da wata jam'iyyar ke mulki, an yi duka a wurin sake zaɓen Ablekuma ta Arewa, kuma waɗanda aka gurfanar tarar kuɗi kawai aka ci su.

Kada wannan ya kwantar miki da hankali, Hajiya. Mai gabatar da ƙara ne ke zaɓen tuhumar da zai rubuta. Abu ɗaya aka yi, zai iya rubuta duka kawai a ci tara, zai iya rubuta Doka ta 999 a tafi shekara 10. Waɗanda suka tsira da tara rikicinsu na siyasa ne, ido na kai, manya na da abin da za su rasa. Rikicin fili a bayan gari ba haka yake ba. Yawanci fili ɗaya ne aka sayar wa mutum biyu ko uku (Otumfuo, Sarkin Ashanti, da kansa ya sha tuɓe sarakunan da ke wannan ɗabi'a), kuma ɗaya mai sayen shi ma ya san nasa manyan. Ga shi mulki a ƙasar nan juyawa yake yi. Wanda ya san manya yau, bayan zaɓe lambar wayarsa ma ba a ɗauka.

Na taɓa tsayawa wa wasu samari huɗu a irin wannan shari'a. Ranar farko mai gidansu ya aiko da yaronsa da ledar burodi da ruwan leda, ya ce a gaya musu su kwantar da hankali. Zama na biyu bai aiko kowa ba. Zama na uku na kira lambarsa a gaban iyayen, a barandar kotu, wayar a kashe. Alƙali ya ba da beli amma ya ce sai masu tsayawa da za su nuna takardar gida. Uwar ɗaya daga cikinsu ta kwance bakin zanenta ta fito da katin zaɓe da rasit ɗin hayar ɗaki, ta ce abin da take da shi ke nan. Wata bakwai yaron ya yi a tsare kafin a samu mai tsaya masa, kuma duk ranar ziyara tana gaban kurkuku da kular tuwo tun kafin a buɗe ƙofa. Mai filin kuwa ya sasanta da abokin rigimarsa, har ya kammala gininsa.

Akwai haɗarin da ya fi kurkuku. Ba mu manta da Yulin 2018 ba, lokacin da 'yan sanda suka harbe samarin zango 7 a wajen Manso Nkwanta suka ce 'yan fashi ne. Unguwar Asawase nan Kumasi ta ɗauki zafi, aka kafa kwamiti, kwamitin ya ce babu hujjar cewa 'yan fashi ne, gwamnati ta biya kowane gida diyyar sidi 250,000. Waɗannan ba su ji ba ba su gani ba, abin ya same su. Ina ga wanda aka tare a mota cike da samari da adduna a ƙarƙashin kujera? Ba adalci ba ne a riƙa yi wa ɗan zango kallon mai laifi, ina faɗa a kotu ina faɗa a waje, amma uwa da abin da ke ƙasa take lissafi.

Ta fuskar rigakafi kuwa, abin da gwamnatoci suka yi bai kai na hukunci ba. An kafa Asusun Raya Zango a 2017, an yi ma'aikatar zango a shekarar, aka rushe ma'aikatar a 2021. An yi filayen ƙwallo, an yi 'yan horaswa. Amma yaron da ke koyon kanikanci shekara uku ba albashi sai kuɗin abinci, ga wani yana miƙa masa a yini ɗaya abin da ba ya samu a mako biyu, filin ƙwallo ba zai riƙe shi ba. Sannan ga ƙwaya. Ki duba idonsa da barcinsa da cin abincinsa, domin da wuya a kai yara irin wannan aiki ba tare da tiramadol ko abin da suke kira red ba. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 2020 ta sassauta wa mai sha, ta mai da hukuncinsa tara maimakon dogon ɗauri, amma ba ta sassauta wa mai sayarwa ba, kuma a bes tsakanin riƙe wa aboki kaya da sayarwa taku ɗaya ne.

Idan Allah ya ƙaddara aka kama shi kafin ya fita, ga abin da ya kamata ki sani. Tsarin mulkin 1992 ya ce cikin awa 48 a kai shi kotu ko a ba da belinsa, kuma Kotun Ƙoli ta yanke a 2019 cewa Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafin, don haka zancen "sai Litinin" ba doka ba ne. Tun 2016 kotun ta soke jerin laifukan da ake cewa ba a belinsu, yanzu kowane laifi ana iya neman beli, alƙali ne zai duba. Belin 'yan sanda ba a sayensa. Yana da 'yancin ya yi shiru har lauya ya zo, kada kuma ya sa hannu ko ya dangwala a takardar da ba a karanta masa ita da harshen da yake ji ba. In babu kuɗin lauya, akwai Hukumar Taimakon Shari'a da ofishinta a nan Kumasi, kyauta ne ga marar hali, sai dai ki je da haƙuri don layin da tsawo. Ki yi hattara da lauyan da mai gidan zai turo. Wani lokaci aikinsa shi ne ya tabbata sunan mai gidan bai fito daga bakin yara ba. Tun 2022 akwai dokar sasanta tuhuma, mutum ya amsa laifi a rage masa, amma ba ta shafi fashi da kisa da satar mutane da laifukan zaɓe ba, kuma ba abu ba ne da ake shiga ba lauya. Kafin ke ko wani ɗan'uwa ya tsaya masa beli da takardar gida, ku tabbata ba zai gudu ba, domin in ya gudu ku kotu za ta bi.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Fitar da shi yanzu ya fi duk wannan sauƙi. Kada ki je bes ki yi masa faɗa a gaban abokansa, zai zaɓe su ne don kunya. Kada kuma ki tunkari mai gidan ke kaɗai. Ki samu kawunsa ko limamin unguwarku ko wani daga fadar Sarkin Zango, mutumin da shi mai gidan zai ji nauyinsa, ya gaya masa a mutunce cewa iyayen yaron nan sun janye shi. Yawancinsu ba sa jayayya, yara ba su ƙare musu ba. In akwai rigarsu ko katinsu ko wani ƙarfe da aka ba shi ajiya a ɗakinsa, a mayar ta hannun wannan dattijon, ya kuma fita daga zaurensu na WhatsApp, domin abin da 'yan sanda ke fara buɗewa ke nan. In gadi yake so da gaske, akwai kamfanonin tsaro masu lasisin ma'aikatar cikin gida, akwai kuma 'yan sintirin unguwa da ke aiki da sanin 'yan sanda, waɗanda in sun kama mutum miƙa shi suke yi ba duka ba.

Abu mafi wuya shi ne kuɗin da ya saba shigowa aljihunsa. Ki daina karɓar ko sisi daga ciki, ko da na cefane ne, ki kuma gaya masa dalili. Sannan ku je Magazine ke da kawun nasa wurin tsohon mai gidansa na kanikanci, a ba shi haƙuri a ji sharaɗin da zai sa kafin ya karɓe shi. In ya ƙi, a tambaye shi wane gareji zai iya tura shi. Wata uku na farko ne masu hatsari, lokacin da motar za ta ci gaba da zuwa bakin layi tana hon. In kina da dangi a Tamale ko Techiman ko Akra da za su riƙe shi su sa shi aiki na wannan ɗan lokacin, ki tura shi can.